Farar masarar gargajiya: Inda ake samun irinta a kwarin Rima da yadda ake kare shi daga ɓacewa

Duk wanda ya shiga layin 'yan hatsi a babbar kasuwar Birnin Kebbi ko ta Argungu bayan kaka, zai tarar da farar masara jibge a buhuna ana awonta da mudu. Idan ya tambayi mai awo ko wannan ita ce masarar da, wadda tsofaffi ke yabon garɗinta da auki a tukunya, amsar da zai samu kusan ɗaya ce: ita ce. Ba lallai ne mai awon ya yi ƙarya ba. Shi ma daga hannun dillali ya saya, dillalin kuwa ya tattaro ta ne daga gonaki goma ko ashirin ya juye a buhu ɗaya. Ƙwaya fara ce a ido, amma babu wanda zai iya rantsuwa a kan asalinta.

Batun ya wuce na ɗanɗano. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin taki da na sufuri da na man injin ban ruwa sun yi tashin gwauron zabi, kuma ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa da ke da 'yar gona a bayan gari sun koma lissafin abin da za su iya ragewa. Daga cikin tambayoyin da suka dawo har da ta iri: shin akwai masarar da mutum zai shuka bana, ya ɗebi iri daga cikinta ya sake shukawa baɗi ba tare da ya koma shago ba? Akwai. Sai dai samunta yana buƙatar bincike, riƙe ta kuma yana buƙatar ƙa'ida, domin masara tana da saurin gurɓacewa.

Baƙuwar da ta zama 'yar gida

Masara ba 'yar asalin Afirka ba ce. Masana sun gano cewa mutanen kudancin ƙasar Meziko ne suka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, bayan sun daɗe suna zaɓar iri daga wata ciyawar daji. Ba ta ƙetaro teku ba sai bayan 1492, kuma a cikin ƙarni na 16 ta riga ta sauka a gaɓar Afirka ta Yamma ta hannun Turawan Fotugal. Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ta biyo ta Bahar Rum da kwarin Nilu ta gangaro yankin Tafkin Chadi tare da fatake da mahajjata. Masana harshe da dama na ganin sunan da Hausawa suka ba ta yana ɗauke da wannan tarihi, wato dawar Masar, kamar yadda Barebari ma ke kiranta da suna mai kama da haka.

A kwarin Rima, masara ta iske gida cike da masu shi. Gero da dawa ne ke riƙe da tudu, shinkafa na riƙe da fadamar da kogin ke malalawa daga Sakkwato ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Neja. Matsayin da masara ta samu shi ne na bayan gida: 'yan kunyoyi kusa da turken dabbobi ko juji, inda ƙasa ta ƙoshi da taki. Amfaninta shi ne saurin nuna. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma dawa ba ta ko fitar da kai ba, ita ce ake karya a gasa ko a dafa a rage wa yara yunwa. Abin da ya rage ya bushe, uwar gida ta ware zangarniyoyi mafiya kyau ta ɗaure ta rataye a madafa, hayaƙi na korar ƙwari har damina ta zagayo. Ta wannan hanya ce, shekara bayan shekara, aka samu nau'o'in da suka saba da gajeriyar daminar yankin da zafinsa.

Yadda sabon iri ya mamaye gonaki

Sauyi ya zo a shekarun 1970. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta fitar da wata farar masara mai suna TZB, mai yawan amfani da jure wasu cututtukan ganye. A tsakiyar shekarun aka buɗe ayyukan bunƙasa noma da Bankin Duniya ya tallafa a Funtuwa da Gusau da Gombe, aka haɗa sabon iri da taki mai rahusa da malaman gona da hanyoyin karkara. Cikin ɗan lokaci masara ta tashi daga bayan gida ta koma babbar gona, ta zama amfanin sayarwa. Tuwon masara ya shiga gidajen da a da ba su san wani tuwo ba sai na dawa da na gero da na shinkafa. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma irin nan mai aure ya shigo kasuwa, sannan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya ta ci gaba da fitar da jerin nau'o'in da ake kira SAMMAZ.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga mai neman tsohon iri, saboda shekara hamsin sun isa sabon abu ya tsufa. Manomin da ya gaji farar masara daga mahaifinsa, ya kuma yi imani da cewa ta kaka da kakanni ce, mai yiwuwa jikanyar TZB yake riƙe da ita, wadda ta gauraya da ta gida ta saba da ƙasar. Wannan ba aibi ba ne. Irin wannan masara ta zama ta gida ta wata fuska, kuma ana iya ɗibar iri daga cikinta. Amma ba ita ce ta bayan gida ta zamanin da ba.

A Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, hankalin hukuma da na 'yan kasuwa ya fi karkata ga shinkafa, musamman tun daga Nuwambar 2015 da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a jihar, sannan aka buɗe katafaren kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a Argungu a 2017. Masara ta fi ƙarfi a kudancin jihar, wajen Zuru da Yawuri, inda ruwan sama ya fi yawa. A arewaci kuwa ta ci gaba da zama ta bayan gida da ta gefen fadama da ta noman rani. Wannan ƙarancin kulawa, abin mamaki, yana cikin dalilan da ya sa har yanzu ake iya tsintar tsohon iri a ƙauyukan yankin.

Iri uku, fuska ɗaya

Farar masarar da ke yawo a hannun manoma ta kasu gida uku. Na farko shi ne irin gargajiya, wanda babu wata cibiya da ta fitar da shi, manoma ne suka riƙe shi da zaɓensu. Alamarsa ita ce rashin daidaito: wani kara ya fi wani tsawo, wani goyo ya riga wani nuna, zangarniyoyi ba su zo girma ɗaya ba. Na biyu shi ne ingantaccen iri marar aure, kamar TZB ko SAMMAZ 14, wadda asalinta daga Ghana take, kuma aka san ta da ingancin sinadarin gina jiki. Shi ma ana iya ɗibar iri daga gare shi, kodayake malaman gona na ba da shawarar a sabunta shi bayan shekara biyu zuwa uku. Na uku shi ne mai aure, wanda kamfani ke haɗa iyaye biyu ko fiye da ya keɓe domin a samu 'ya'ya masu ƙarfi. Shukar farko takan ba da amfani mai yawa idan ta samu taki da ruwa, amma idan aka ɗebi iri daga cikinta aka maimaita, sai gonar ta rarrabu, amfani ya faɗi da kashi 20 cikin 100 ko fiye.

A cikin mudu ba a iya bambance waɗannan ukun da tabbaci. Gaskiya ne cewa tsofaffin nau'o'in Arewa sun fi karkata ga ƙwaya mai tauri, mai mulmulallen kai da sheƙi, yayin da wasu na zamani ke da lotsawa a ka kamar turmin haƙori. Amma akwai na zamani masu tauri, akwai kuma na gida masu lotsawa. Suna ma ba hujja ba ne. A kasuwannin Arewa ana jin sunaye irin su Haƙorin Hajiya, sai dai suna ɗaya kan hau kan masara daban-daban daga gari zuwa gari. Kama da wane, in ji Hausawa, ba ta wane.

Dalilin da masara ba ta riƙe asalinta

Shinkafa da wake kusan kowane fure kansa yake yi wa barbara, shi ya sa irinsu ke daɗewa bai sauya ba. Masara ba haka take ba. Furen namiji yana tsaye a ƙololuwar kara, yana zubar da bununi, wato ƙurar nan mai ruwan ƙwai da ke tashi da hantsi. Furen mace kuwa shi ne goyo, kuma kowane silin gemun da ke leƙowa daga bakinsa yana haɗe da gurbin ƙwaya ɗaya. Iska ce ke ɗaukar bununi ta yayyafa a kan gemu. Mafi yawan ƙwayoyin da ke jikin zangarniya ubansu wani kara ne daban, kuma iska ba ta san iyakar gona ba.

Ana iya ganin shaidar haka da ido. Idan bununin jar masara ya sauka a kan gemun fara, ƙwayar da za ta fito a wannan gurbi takan zo da launin rawaya a kakar nan take. Zangarniyar da ta fito fara da ɗigon ja nan da can tana ba da labarin gonar maƙwabci ne. Matsalar ita ce idan maƙwabcin ma fara ya shuka, gaurayar ba ta nuna kanta a launi. Sai bayan shekara biyu ko uku mai gona ya lura cewa tsawon kara da lokacin nuna da ɗanɗano duk sun sauya, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe.

Inda ya kamata a nema

Babbar kasuwa ita ce wuri na ƙarshe da mai neman tsohon iri zai dosa, domin sayen iri daga buhun dillali cinikin biri a sama ne. Wuri na farko shi ne gida. Yawancin ma'aikata da 'yan kasuwar Birnin Kebbi suna da ƙauyen da suka fito, kuma a can, iyaye mata da dattawa ne ma'ajiyar iri. Ƙauyukan da ke nesa da babbar hanya, da rugagen Fulani da suka daɗe da zama wuri ɗaya suna shuka masara a tsohon makwancin shanu, da garuruwan bakin iyaka ta wajen Kamba da Kangiwa, sun fi yiwuwar riƙe abin da ya ɓace a kusa da birni. Baje kolin amfanin gona da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu, bikin da ya samo asali tun 1934 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, wata dama ce ta haɗuwa da manoma daga sassa daban-daban a yi tambaya fuska da fuska.

Lokacin nema shi ne kaka, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, kafin a cire ƙwaya daga totuwa. Gani ya kori ji: wanda ya ga masara a tsaye a gona ya ga tsawonta da lafiyarta da abin da ke kewaye da ita. Tambayoyin da za a yi wa mai iri ba su da yawa. Shekara nawa yana hannunsa, kuma daga wa ya karɓa? Ya taɓa haɗa shi da wanda aka saya a leda ko aka raba a wani shiri? Kwana nawa yake yi kafin ya nuna? Wace masara maƙwabta ke shukawa? Amsar da ta koma ga kaka ko ga zamanin da ba a fara raba taki ba ta fi wadda ta tsaya a shekara biyar nauyi.

A karɓi zangarniya, ba tsaba ba, kuma a karɓa da yawa. Kuskuren da masu sha'awa suka fi yi shi ne ɗauko zangarniya biyu ko uku kyawawa su ce sun samu iri. Masarar da aka taƙaita ga iyaye kaɗan takan yi auren zumunci na kusa da kusa, kuma cikin 'yan shekaru sai kara ya gajarce, goyo ya ƙanƙance. Zangarniya 50 daga karare daban-daban ita ce mafi ƙarancin abin da ya dace a fara da shi, idan an samu 100 ya fi. A biya mai iri farashin da ya fi na kasuwa, domin abin da ya adana ya fi hatsi daraja, a kuma rubuta sunan garin da sunan da ake kiran irin da shekarar da aka karɓa.

Kafin damina a gwada tsiro. A ƙirga ƙwaya 100, a binne a cikin yashi mai laima a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana bakwai a ƙirga waɗanda suka fito. Idan sun kai 85, irin yana da rai sosai. Idan sun gaza 70, sai a ƙara yawan ƙwaya a rami ko a nemi wani.

Yadda ake shukawa ba tare da an gurɓata ba

Ƙa'ida ta farko ita ce tazara. Masu samar da iri suna barin aƙalla mita 200 tsakanin gonar iri da duk wata masara, wani lokaci har 400. A gonakin bayan gari da ke manne da juna wannan yana da wuya, amma akwai dabaru. Ana iya bambanta lokaci, a shuka mako uku zuwa huɗu kafin maƙwabta ko bayansu, ta yadda gemun wannan zai bushe kafin bununin waccan ya tashi. Ana iya zaɓar fili a tsakiyar gonakin gero ko dawa. Kuma kwarin Rima yana da wata dama da wurare da yawa ba su da ita, wato noman rani. Ɗan fili a gefen fadama inda kowa ya shuka shinkafa ko albasa ko alkama keɓaɓɓen wuri ne da ya dace da ninka iri. Sai dai a lissafa lokaci, kada fitar fure ta faɗa cikin tsananin zafin Maris da Afrilu, domin zafi da busasshiyar iska suna kashe bununi, zangarniya ta fito da giɓi.

Da damina, ruwan Birnin Kebbi da Argungu bai cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. Irin da aka ɗauko daga Zuru ko Yawuri, idan mai kwana 120 ne, yana iya rasa ruwa a daidai lokacin da yake cika ƙwaya. Wanda ke nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka ya fi dacewa da tudun arewacin jihar. A jira ruwa ya zauna kafin a shuka. A zaɓi ƙasa mai taki wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, domin masara ba shinkafa ba ce, kwana biyu ko uku a cikin ruwa sun isa su raunana ta.

Tazarar da malaman gona ke bayarwa ita ce santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin rami da rami idan tsiro ɗaya za a bari, ko 50 idan biyu ne. Dogayen nau'o'in gargajiya sun fi son a sassauta musu fiye da haka. A shuka fili mai kusurwa huɗu, ba dogon layi ɗaya ko biyu ba, domin bununi ya samu zagayawa. Filin iri kada ya gaza karare 200, wanda ɗan wuri ne da bai kai girman filin gida ɗaya ba. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai shi ne abincinta na asali. Idan za a ƙara na zamani, a yi da sauƙin hannu, domin yawan yuriya na sa dogon kara ya ƙara tsawo, iskar Agusta ta kwantar da shi.

Abokan gaba biyu ne suka fi damuwa. Ɗaya ita ce wuta-wuta, mai tsotse saiwa a gajiyayyar ƙasa, kuma maganinta shi ne taki da juya shuka da wake ko gyaɗa ko waken suya da tuge ta kafin ta zubar da 'ya'ya. Ɗayar ita ce tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take, aka fara ganinta a Najeriya a farkon 2016. Tsohon iri bai san ta ba, ba shi kuma da wata kariya ta musamman daga gare ta. Dole a riƙa duba gona sau biyu a mako tun tsiro yana ƙarami, a nemi shawarar malaman gona na hukumar KARDA a kan magani da adadinsa da zarar an ga ganye ya fara hujewa.

Zaɓe da ajiya

Zaɓen iri a gona ake fara shi, ba a masussuka ba. Kafin fure ya buɗe, a tuge duk karan da ya fita daban ko ya nuna cuta, domin kada bununinsa ya shiga cikin sauran. Idan goyo ya fara ƙosawa, a ɗaura ƙyalle a jikin kararen da suka fi lafiya a tsakiyar fili, a bar na gefe don ci. A duba waɗanda suka tsaya da ƙafarsu, suka nuna da wuri, kuma ɓawo ya rufe bakin goyonsu ruf, domin buɗaɗɗen baki ƙofa ce ga ƙwari da ruwa da fumfuna. Bayan girbi a sake tacewa, a fitar da duk zangarniyar da ke da jar ƙwaya ko alamar ruɓa. Da yawa daga manoma sukan ɗebi ƙwayoyin tsakiya su bar na kai da na gindi, saboda sun fi daidaito wajen shuka. A ɗebi adadi ɗaya daga kowace zangarniya a gauraya.

A shanya a kan tabarma ko leda, ba a kan ƙasa ba, har ƙwaya ta bushe ta yadda idan aka ciza za ta fashe da ƙara. Wannan yana nuna laima ta sauka zuwa wajen kashi 12 ko 13 cikin 100. Rataya a madafa har yanzu tana aiki ga iri kaɗan. Ga mai yawa, buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro tun farko domin wake, ko jarka mai murfi da aka cika taf aka toshe, suna kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da an zuba guba ba. A ajiye a ɗaki mafi sanyi, a ɗaga daga ƙasa. A zafin Kebbi irin masara ba ya daɗewa. Bayan shekara biyu tsironsa yakan ragu sosai. Saboda haka tsohon iri ba kayan tarihi ba ne da za a kulle a akwati. Wanda ba a shuka ba mutuwa yake yi.

Kada kuma a tara shi wuri ɗaya. Ambaliyar 2010 da ta 2012 da ta 2020 sun nuna wa mazauna kwarin yadda gona da rumbu ke tafiya cikin dare ɗaya. Wanda ya raba irinsa ga ɗan'uwa a tudu da aboki a wani gari ya yi wa kansa ajiya ne.

Abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba

Bai kamata sha'awa ta rufe lissafi ba. A gonar da ta samu isasshen taki da ruwa, mai aure ta fi ta gargajiya amfani nesa ba kusa ba, kuma ƙasar da ke noma masara fiye da tan miliyan 10 a shekara, ga kamfanonin abincin kaji suna jira, ba za ta koma ga irin bayan gida ba. Farar masara, tsohuwa ko sabuwa, ba ta da sinadarin bitamin A da ake samu a ja. Ɗan kasuwar da ya juye hekta goma gaba ɗaya zuwa tsohon iri saboda labarin da ya ji zai iya yin kuka da kaka. Hanyar hankali ita ce a ware ɗan fili, a gwada shekara biyu, a auna abin da aka kashe da abin da aka samu.

Ribarta tana wani wuri. Ba a sayen irinta kowace shekara. Rashin daidaitonta kan zama garkuwa, domin idan ruwa ya ɗauke mako biyu ba dukan karare ne ke fure a rana ɗaya ba, wasu za su tsira. Ƙwaya mai tauri ta fi jure ƙwari a rumbu kuma ba ta cika farfashewa a wajen surfe ba. Ga ɗan kasuwa kuma akwai masu saye a birni da za su ƙara kuɗi a kan garin da aka san gonar da ya fito, muddin an riƙe amana ba a gauraya ba.

Akwai kuma ribar da ta wuce ta mutum ɗaya. A 1970 wata cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na masarar Amurka, saboda yawancin gonakin ƙasar sun dogara ga iri mai tushe ɗaya. Duk lokacin da irin haka ta faru, wurin tsofaffin nau'o'i masana ke komawa neman magani. Misali mafi kusa yana cikin fadamar Rima kanta. Jar shinkafar Afirka, wadda Kabawa suka daɗe suna nomawa kuma sababbin nau'o'i irin su FARO 44 suka ture gefe, irinta ne masanin nan ɗan Saliyo, Dokta Monty Jones, ya haɗa da shinkafar Asiya a shekarun 1990 ya samar da NERICA, aikin da ya ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004. Da tsohuwar zuma ake magani.

Najeriya tana da ma'ajiyar iri ta ƙasa, wato cibiyar NACGRAB da aka kafa a Ibadan a 1987, IITA ma tana da tata, har tana aika kwafi zuwa babban rumbun duniya da aka buɗe a tsibiran Svalbard na ƙasar Norway a 2008. Wanda ya samu iri mai daɗaɗɗen tarihi zai yi wa jama'a alheri idan ya kai samfuri ga tsangayar aikin gona ta jami'ar jihar da ke Aliero ko Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, tare da bayanin inda ya samo shi. Amma ɗakin sanyi yana adana iri ne kamar yadda aka kai shi, ba ya koya masa jure daminar bana ko ta baɗi. Wannan aiki ne na gona, kuma yawancin masu yin sa a ƙauyukan Argungu da Gwandu sun manyanta. Ma'aikacin da zai je gida hutun ƙarshen mako a watan Oktoba yana da damar ɗaga kai ya dubi abin da ke rataye a madafar mahaifiyarsa, ya tambaye ta sunansa da inda ta samo shi, ya kuma roƙi kaɗan tun tana nan da za ta ba da amsa.